Karen da Aka Sa wa Suna Ƙyale-su

An yi wani Talotalo a Unguwar Kanya mai suna Mamuda, wanda ba ya amsa sallama sai an ce masa Yallaɓai. Ba shi da sarauta, ba ya riƙe da muƙamin komai. Abin da yake da shi jela ce, kuma yana baza ta sau da yawa a yini, ko an nema ko ba a nema ba.

A unguwar akwai wata Agwagwa, Ladingo, wadda Allah ya hore wa baki. Magana ba ta kwana a cikinta. Akwai kuma wani tsohon Jaki, Baba Cindo, mai gadin lambun unguwa, wanda duk abin da aka kawo masa sai ya ce, "To, bari mu duba." Yana dubawar kuwa. Ganin ne dai yake ɗaukar lokaci.

Lambun nan shi ne wurin shan iskar kowa. Akwai inuwar darbejiya, akwai ciyawa, akwai wani tsohon benci mai rawa da ake zama a kai da addu'a. A tsakiya kuma akwai kududdufi, wanda yake cika da damina, ya ƙafe da zarar kaka ta yi nisa. Duk unguwar babu wani ruwan da ya kai a yi iyo a cikinsa sai shi.

Wata rana Talotalo ya ji labarin cewa maƙwabta suna kwaikwayon tafiyarsa in ya juya baya. Abin ya ci masa rai. Ya yi tunani mai zurfi, gwargwadon zurfin da yake da shi, ya lura cewa a gidajen manya kafin a ga maigida sai an ji kare. Washegari sai ga shi da ɗan kwikwiyo, baƙi, mai manyan ƙafafu.

To, a garin ba a sa wa kare suna don karen. Don maƙwabta ake sawa. Wanda ke jin haushin na kusa da shi sai ya raɗa wa karensa Sai-ka-gaji ko Ta-ishe-ka, kullum da safe ya tsaya a ƙofar gida ya ƙwala kira. Ya faɗi abin da ke ransa ke nan, kuma babu mai kai shi ƙara, tunda kare ya kira.

Talotalo ya sa wa nasa Ƙyale-su.

Ya ciyar da shi sosai, wannan ba za a hana masa ba. Karen ya girma ya yi ƙirji. Amma a fannin ilimi, abin da aka koya masa bai wuce sunansa ba. Bai san "zo" ba, bai san "bari" ba. Ya dai san in ya ji "Ƙyale-su" da ƙarfi, to maigida yana alfahari da shi, kuma abinci na nan tafe.

A daminar nan ce Ladingo ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta. Ta ƙyanƙyashe su a makare, ruwan sama ya fara ja da baya, saboda haka lissafinta ɗaya ne: su koyi iyo kafin kududdufi ya ƙafe. Agwagwar da ta girma ba ta iya iyo ba, a wurin Ladingo, kaza ce mai mummunar tafiya.

Ranar farko ta jero su a bayanta suka shiga lambu. Suna dab da bakin ruwa sai ga Talotalo yana taku ɗai-ɗai, jela a baje, karensa na gaba babu igiya babu komai.

Karen ya ga ƙananan abubuwa masu motsi. Bai yi shawara da kowa ba.

'Yan agwagwa suka watse, wannan ya shige ƙarƙashin benci, wancan ya faɗa cikin ciyawa. Talotalo ya miƙe wuya ya yi ta ihu, "Ƙyale-su! Ƙyale-su!" Karen ya ji ana kiran sunansa a gaban jama'a, sai ya ƙara himma. Ya cafko Auta, ƙaramin cikinsu, ta jela. Allah ya sa gashin ya tsinke a bakinsa, Auta ya tsira da sauran jikinsa.

Ladingo ta yo kan Talotalo fukafukai a buɗe.

"Mamuda! Wannan wane irin rashin imani ne?"

"Yallaɓai," in ji Talotalo.

"Yallaɓan uwar wa? Karenka ya kusa haɗiye mini ɗa!"

"Baiwar Allah, yi magana a hankali, ana kallonmu. Wasa yake yi. Ba ya cizo."

"To wannan gashin da ke bakinsa, aro ya karɓa?"

"Su suka gudu. In ba a gudu ba, ba ya bi. Sannan kowa a nan shaida ne, kun ji ni da kunnenku ina cewa ƙyale su. Har muryata ta dushe. Me kuma ake so in yi?"

"Sunansa ke nan fa!"

"To laifi ne mutum ya kira karensa?"

Ladingo ta tattara 'ya'yanta ta bar masa filin. Waɗanda suka san ta sun ce ba su taɓa ganin haka ba.

Daga ranar 'yan agwagwa suka ce su da lambu har abada. In ta ce a tashi a tafi iyo, sai wannan ya ce cikinsa na ciwo, wancan ya ce ƙafa. Auta kuwa ya fito fili ya ce, "Inna, ni na fasa. Kaza zan zama." Har ya fara bin 'yan tsakin maƙwabta yana koyon tonon ƙasa, abin da ƙafarsa ba a yi ta don shi ba.

Ba Ladingo kaɗai abin ya shafa ba. Tunkiya ta rasa wani yanki na ulun cinyarta. Zomo, wanda likita ya ce ya riƙa ɗan zagaya lambu a hankali saboda hawan jini, ya zagaya shi da saurin da likita bai ambata ba. Kowane lokaci Talotalo yana tsaye yana ihun "Ƙyale-su", kuma kowane lokaci ya tafi gida da zuciya wasai, ya sauke nauyin da ke kansa.

Lambu ya koma na mutum biyu. Kududdufi kuwa kullum sai ya ja baya kaɗan, ya bar zoben laka a gefe.

Ladingo ta je wurin Baba Cindo.

"Baba, kai ne mai gadi ko hoton mai gadi?"

"To, 'yar nan, bari mu duba."

"Ka duba me? Ga jelar Auta can, ka je ka duba, babu ita! Ruwa yana ƙafewa, 'ya'yana suna tonon ƙasa kamar waɗanda ba su da asali!"

"Abin yana son natsuwa."

"Ni ma zan natsu, Baba. A nan zan natsu, kusa da kunnenka, har sai ka gama dubawa."

Ta kuwa zauna. Ta ba shi tarihin Auta tun yana cikin ƙwai. Ta ba shi na kakarta, wadda ta taɓa ƙetare kogi da ciwon fiffike. Kunnen jaki babba ne, babu abin da ya wuce shi. Kafin la'asar Baba Cindo ya kira taro, abin da bai taɓa yi a rana ɗaya da kawo ƙara ba.

Aka taru a gindin darbejiya. Talotalo ya zo a makare don a gan shi.

"Yallaɓai," in ji Baba Cindo, "jama'a suna kuka da karenka."

"Hassada ce. Wanda bai iya ajiye kare ba dole ya ji zafin mai shi."

"Ya cije ni," in ji Tunkiya.

"Gaisuwa ce. Haka irinsu suke gaisawa. Ba na gida ba ne, kakansa daga ƙetare aka kawo shi."

"To ya riƙa gaishe ka mana," in ji Ladingo. "Kai ne babba."

Aka yi dariya. Jan naman da ke reto a hancin Talotalo ya ƙara ja.

"Ni dai na faɗa," ya ce, "duk wanda aka ciza ya binciki kansa. Kare yana jin warin tsoro. Ni me ya sa bai taɓa cizona ba?"

"Saboda kai ke riƙe da kwanon tuwo," in ji Ladingo.

Baba Cindo ya ga in bai yanke hukunci ba Ladingo za ta dawo kusa da kunnensa. Ya yi gyaran murya ya ce daga yau duk mai shigowa lambu da kare sai da igiya, kuma igiyar tana hannun mai shi.

"Igiya?" in ji Talotalo. "Kamar akuya?"

"A yi dai a hankali," in ji wata Akuya daga baya.

Talotalo ya tafi gida yana huci. Amma da ya kwana ya tashi sai ya ga ai igiya ma abin ado ce in an san ta kanta. Ya sayo doguwa, mai launi ja da kore, da tuntaye a jiki. Tsawonta ya kai kare ya je ko'ina a lambun ya ciji wanda yake so, doka kuma ba ta ce komai a kan tsawo ba.

Saura wurin riƙewa. In ya riƙe da baki, ba zai iya amsa gaisuwa ba. In ya riƙe da fiffike, ba zai iya baza shi ba. Sai ya ɗaura ta a ƙafarsa, ya yi mata ƙulli uku don kada a ce bai bi doka ba.

Ladingo ta gan shi a ƙofar lambu. Ta dubi karen, ta dubi ƙafar.

"Yallaɓai," ta ce, kuma wannan karon da gaske ta faɗa, "karen nan fa ya fi ka nauyi."

"Nauyi daban, iko daban, Malama. Ki je ki ji da 'ya'yanki."

Ta kuwa je. Ta tattaro su ta ce musu an ɗaure kare, ta rantse, ta yi lallashi, ta yi barazana. Ruwan da ya rage a kududdufi bai fi na 'yan kwanaki ba, ko yau ko a haƙura sai baɗi, kuma baɗi sun yi girman da za a yi musu dariya. Suka biyo ta a ɗarare, Auta a can ƙarshe yana waige.

Labarin igiya ya bazu, saboda haka ranar lambu ya cika. Talotalo ya zaɓi tsakiyar fili ya tsaya. Ya kumbura, ya ja fukafukai a ƙasa, ya baza jela gaba ɗaya. A gaskiya ta yi kyau. Ya kamata a faɗi haka, tunda shi ne ganinta na ƙarshe a wannan shekarar.

Karen ya hango 'yan agwagwa.

Igiya doguwa tana da wani hali: takan ba kare damar ya kai ƙarshen gudunsa kafin ta miƙe. Talotalo yana cikin juyawa don na hagu su ma su ga jelar, sai ƙafarsa ta tafi gabas ba tare da ta sanar da sauran jikin ba.

Ya bi ta.

Ya bi ta ta cikin ciyawa, ya bi ta ta ƙarƙashin benci, inda rabin jelar ya tsaya bai ci gaba da tafiyar ba. Ƙura ta tashi. Baba Cindo, wanda rabonsa da gudu tun yana saurayi, ya zabura don ya take igiyar. Ya kusa cim mata ke nan sai Talotalo ya ƙwala ihu da iyakar ƙarfinsa:

"Ƙyale-su! Ƙyale-suuu!"

Baba Cindo ya ja birki.

"Da ni yake?" ya tambayi Tunkiya.

"Kai yake kallo, Baba."

"To su wa zan ƙyale?"

"Shi da karen mana. Ka san manya ba sa son a sa musu baki."

"Haka ne," in ji Baba Cindo. "Bari mu duba." Ya koma gefe ya tsaya.

Karen kuwa, da ya ji sunansa da irin wannan murya, ya tabbata bai taɓa burge maigida kamar yau ba. Ya ƙara wuta.

Ladingo ta waiga ta ga abin da ke tahowa. Bayansu kare, gabansu ruwa. Ba ta tsaya yin bayanin yadda ake kaɗa ƙafa ba, duk da ta shirya jawabi mai tsawo a kan haka.

"Ruwa!" ta ce. "Ku faɗa!"

Suka faɗa. Auta ne ma ya riga kowa. Suka nutse, suka taso, suka dubi juna, sai suka ga ƙafafunsu suna wani aiki a ƙasa wanda babu wanda ya koya musu. Kafin karen ya iso bakin ruwa sun kai tsakiya.

Karen ya faɗa shi ma. Talotalo, da yake ba a nemi ra'ayinsa ba, ya biyo baya.

Kare yana iyo, amma ba kamar agwagwa ba. 'Yan agwagwa suka yi ta kewaya kududdufi, karen na bin su, Talotalo na bin karen a kwance, yana nutsewa yana tasowa kamar tsohuwar ƙwarya. Ladingo ta ƙirga 'ya'yanta ta ga sun cika, ta ga kuma babu wanda za a kama. Sannan ta yi iyo a hankali ta jera da Talotalo.

"Sannu da hutawa, Yallaɓai."

"Ladingo! Taimake ni!"

"Wasa yake yi."

"Zan mutu!"

"Kada ka ji tsoro, yana jin warinsa."

Ya nutse, ya taso da ganye a ka. "Yaya Ladingo, don Allah! Don darajar 'ya'yanki!"

"Yau kuma ni ce Yaya? To ka ce masa ya tsaya mana. Ba karenka ba ne?"

"Bai san tsaya ba!"

"Me ya sani?"

"Sunansa kawai!"

"Ɗaga murya, na bakin ruwa ba su ji ba."

"Ban koya masa komai ba! Laifina ne! Ku fitar da ni!"

Ladingo ta juya ta ce, "Baba, ka gama dubawa? Yanzu da kai yake." Baba Cindo ya shiga ruwan, wanda bai wuce gwiwarsa ba, ya kama igiyar da haƙori, ya jawo su duka biyun zuwa tudu.

Talotalo ya kwanta a laka yana fitar da ruwa. Gashi ɗaya ya rage a jelarsa, shi ma a karye. Karen ya girgije jikinsa, ya zo ya tsaya a kansa yana kaɗa wutsiya, yana jiran yabo.

"Kai kuma," Ladingo ta ce wa karen, "me muka yi maka a duniya?"

Karen ya yi mamaki, don babu wanda ya taɓa tambayarsa wani abu.

"Ni? Babu komai, Inna. Aikina nake yi."

"Wa ya sa ka?"

"Maigida mana. Duk sanda na kama wani sai ya yi ta kiran sunana da ƙarfi, jama'a suna ihu. Na ɗauka kirari ake mini. In mun koma gida kuma ya ba ni tuwo." Ya dubi Tunkiya, ya dubi cinyarta. "Ashe ba kwa so?"

"Ba ma so," in ji Tunkiya.

"To ai da an faɗa."

Duk aka juya aka dubi Talotalo. Shi kuma ya sami wani abu mai ban sha'awa a cikin laka ya tsura masa ido.

A nan bakin ruwa aka gama shari'ar, Ladingo na faɗa Baba Cindo na cewa haka ne. Igiya za ta zama gajera, a baki za a riƙe ta, gaisuwa ta jira. Kare zai sa takunkumi har sai ya san bambancin maƙwabci da abin farauta. Kuma Talotalo da kansa zai koya masa, kullum da safe, kafin yara su fito.

"Saura suna," in ji Ladingo. "Wannan sunan ya gama aiki."

"To me za a sa masa?" in ji Talotalo a sanyaye.

"Zauna."

Haka aka yi. Karen ya karɓi sabon suna da murna, kuma da yake shi mai son a yaba masa ne, bai daɗe ba ya gane abin da ake nufi. Yanzu in ya hango ɗan wani ya fara sanɗa, sai a ce "Zauna", ya zauna. Matsalar kawai ita ce in Talotalo yana son ya kira shi su tafi gida, nan ma sai ya zauna, a yi ta fama har magariba. Babu dai wanda ya kai ƙara a kan wannan.

Kududdufi ya ƙafe a ƙarshen makon. Amma kafin nan Ladingo ta sha wahalar da ba ta zata ba, don kullum sai ta shiga ruwa da kanta ta koro 'ya'yanta, Auta yana nutso yana ɓuya yana cewa saura kaɗan.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya ajiye kare ya ajiye haƙoransa ma, kuma duk inda haƙoran suka sauka shi za a tambaya. Tsayawa daga nesa ana ihu ba tarbiyya ba ce, ko da kalmomin da ake ihun da su masu kyau ne. In kana da dabba, ka koya mata abin da ake so da abin da ba a so tun a gida, ka riƙe ta da kyau in kun shiga wurin jama'a, kada ka jira sai an yi kuka. Wanda kuma ya ga duk wannan wahala ce, yana iya bari. Karen zai fitar da shi yawo da kansa.